Kurege Mai Goge da Jaka Mai Madubai

An yi wani Kurege a dajin Tudun Gawo, mai goge ne kuma ɗan mai goge. Hannu kam yana da shi, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Ciwonsa ɗaya ne, son a kalle shi. Allah ya ba shi jela mai dogon gashi wadda ba a taɓa ganin irinta ba a dangin kurege, shi kuwa ya ɗauki son duniya ya ɗora mata. Da safe ya taje ta, da rana ya shafa mata man kaɗe, in zai tsallaka hanya sai ya ɗaga ta sama don kada ƙasa ta taɓa ta.

Abokiyar sana'arsa ita ce Bushiya mai kiɗan ƙwarya. Tsohuwa ce gajeruwa, ba ta da yawan dariya, bakinta kuma ya fi ƙayar bayanta tsini. Shekara da shekaru tana yi wa mahaifin Kurege kiɗa, da ya rasu sai ta ci gaba da bin ɗan. Kurege yana ce mata Gwaggo. Ita kuwa ran da ya yi abin kirki takan ce masa "ɗan marigayi", ran da ya ɓata mata rai ta ce "kai mai jela". Maganar gaskiya, an daɗe ba a ji na farkon ba.

Wata rana Sarkin Noma Gwanki ya aiko da saƙo daga gidansa da ke hayin fadama. Mahaifin Kurege shi ne mai gogen gidan nan tun yana saurayi, shi ke kaɗa taken gidan a kowane biki. Saƙon gajere ne: "Ɗana na fari zai yi aure ranar Lahadi. Ɗan abokina ya zo ya kaɗa mini taken gidan nan bayan la'asar. In ya kai shi ƙarshe yadda ubansa ke kaiwa, wurin ubansa ya zama nasa. In ya kasa, ga Gyare nan, ya daɗe yana mini zarya da kukumarsa."

Kurege ya yi tsalle har sau uku. Bushiya ko motsi ba ta yi ba, ta ce, "In ka gama tsallen, ɗauko jakar ubanka mu duba kayan aiki."

To, mai goge ba ya fita da goge kaɗai. Dole ya riƙe tsagiya ta ajiya, wato gashin wutsiyar doki da ake ɗaura wa gogen, domin tana tsinkewa ba sallama. Dole kuma ya riƙe ƙaro, wanda ake goga wa gashin don ya yi kauri ya ba da sauti, in babu shi ko kwana za ka yi kana ja, iska kawai za ka ji. Duk waɗannan a tsohuwar jakar fatar marigayi suke. Da Kurege ya ɗago ta daga bayan ɗaki, sai gindinta ya zauna a ƙasa, hannunta ya taho. Gara ta gama da ita tun tuni.

"Ka gani ko?" in ji Bushiya. "Da rabin kulawar da kake ba jelar nan ka ba jakar ubanka, da yanzu tana raye."

"Gwaggo, ai dama ta tsufa. Gobe kasuwa, sai mu sayi ta zamani, irin ta goyo, in rataya a baya hannuna ya huta."

"Wannan kam ka faɗi gaskiya. Allah ya sa ka ƙara."

Washegari suka nufi kasuwar Gindin Kuka, rumfar Burgu mai jakunkuna. Burgu ɗan kasuwa ne na gaske, kumatunsa kullum cike da gyaɗa, bakinsa kuma cike da zaƙi. Jelarsa fes take ba gashi ko ɗaya, abin da Kurege ya daɗe yana yi wa dariya a ɓoye.

Bushiya ta shiga tona jakunkuna har ƙasa, ta zaro wata ta jar fata mai kauri, ba ado ko kaɗan. Ta juya ta, ta ja igiyoyin, ta zura hannu cikin aljihunanta.

"Ga taka," ta ce. "Dubi igiyar goyonta, faffaɗa ce, ba za ta ci maka kafaɗa ba. Ga aljihu dogo na tsagiya, ga ƙarami a gefe na ƙaro shi kaɗai. Fatar kuma tana da kauri, rana ba ta ratsa ta da wuri."

Kurege ko kallonta bai yi ba. Idonsa yana can sama, inda Burgu ya rataye wata ƙatuwar jaka baƙa wuluk, ta leda, tana sheƙi. An jera mata ƙananan madubai a baya da gefe, ga zif ruwan gwal.

"Malam Burgu, sauko mini da waccan."

"A'aha!" in ji Burgu, har gyaɗa na faɗowa daga bakinsa. "Na san idon manya ba ya kuskure. Tun da aka kawo ta nake cewa wannan sai mai jela irin taka. Goya mu gani. Kai! Tubarkalla! Juya. Ɗan ɗaga jelar ka ɗora a kanta. Wallahi kamar tare aka halicce ku!"

Kurege ya juya hagu, ya juya dama, bakinsa har kunne. Jakar ta kusa rufe shi, daga baya ba ka ganin komai sai ita da jela da ƙafafu biyu.

Bushiya ta buɗe zif ɗin ta leƙa. "Ina aljihunta?"

"Aljihu kuma?" in ji Burgu. "Hajiya, wannan ciki ɗaya gare ta, komai da komai ya shige."

"Ni ba Hajiya ba ce, kuma ba da kai nake ba. Kai mai jela, a ina za ka sa ƙaro?"

"A ciki mana, Gwaggo."

"Tsagiya fa?"

"A ciki."

"Tare? A cikin baƙar leda, a tsakiyar bazara, daga nan har hayin fadama? Ka taɓa ganin abin da rana ke yi wa ƙaro kuwa?"

"Haba Gwaggo, ke komai sai kin hango masa masifa. Gidan Sarkin Noma fa za mu je. In shiga da waccan jar abar kamar mai tallan magani? Kuma kyautar da za a yi mini, riguna da gyaɗa da su dawa, a ina zan zuba? A wancan aljihun da ko goro biyu ba zai ci ba?"

"Au, har ka kaɗa, har an yaba, har an ba ka kyauta? Sannu da aiki."

Burgu ya yi dariya, Kurege ya tsuke fuska, aka sayi mai madubai. Duk hanyar komawa gida Bushiya sai tsaki take yi jefi-jefi. Ni kaina da ina wurin da na taya ta.

Ranar Lahadi da hantsi Kurege ya wanke jelarsa tas, ya shanya ta, ya taje. Bai shafa mata mai ba don kada ƙurar hanya ta manne, ya ce sai sun isa. Ya jefa tsagiyar ajiya a ƙasan jaka, ya ɗora gwangwanin man kaɗe a kanta, ya bi da mataji, da hula ta biyu, da kwalbar turare. Har ya ja zif sai ya tuna da ƙaro, ya cusa dunƙulen a can sama, daidai bakin jakar.

Bushiya ta dubi gogen da ke hannunsa. "Tsagiyar nan ta jikinsa ta fara zarewa. Zauna ka ɗaura sabuwa yanzu."

"Za ta kai, Gwaggo. In ma ta tsinke ga wata a jaka."

"To aƙalla naɗe ƙaron a jiƙaƙƙen tsumma."

"In jiƙa sabuwar jakata? Allah ya kiyaye."

Suka kama hanya. Rana ta take, irin wadda ko tsuntsu ba ya son tashi. Ga inuwar itatuwa a gefen hanya, Bushiya tana bi a hankali da ƙwaryarta a ka. Kurege kuwa tsakiyar fili ya bi, domin a inuwa madubai ba sa walƙiya. Ya ɗaga jela ya kwantar a kan jakar kamar yadda Burgu ya nuna masa, ya ƙi sauke ta ko sau ɗaya. Siraran igiyoyin suna ta cin kafaɗarsa, bayansa kamar an ɗora masa tukunyar tuwo, amma duk wanda suka gamu da shi sai ya tsaya ya kalla, shi kuwa abin da yake so ke nan.

"Ina jin ƙamshin ƙaro," in ji Bushiya daga inuwa.

"Turarena ne, Gwaggo."

"Oho."

Suka isa bayan azahar, gidan biki ya cika maƙil. Aka kawo musu fura, Bushiya ta zauna ta sha, ta ce ya sauke jaka ya duba kayansa. Ina! Yara sun kewaye shi suna leƙa fuskokinsu a madubai, 'yan mata suna nuna jelar suna rufe baki. Haka ya yi ta zagaya tsakar gida da jaka a baya har aka yi la'asar. Can a gindin rumbu Gyare yana zaune da 'yar kukumarsa, yana gyara ta a natse, bai kula kowa ba.

Gidan Sarkin Noma suna da wata al'ada. In aka fara taken gidan, maigida yakan miƙe ya ɗaga garmarsa sama da hannu ɗaya, ba ya sauke ta sai take ya kai ƙarshe. In ya sauke kafin nan, take ya mutu, makaɗin kuma ya yi ban kwana da gidan.

Aka yi shimfiɗa, Gwanki ya fito da ƙahoninsa da babbar riga, ango a gefensa. Bushiya ta kifa ƙwarya ta fara. Kurege ya tsaya a tsakiyar fili, jaka a baya, ya ja gogen. Daɗi kam ya yi daɗi, mata suka rangaɗa guɗa, Gwanki ya miƙe ya ɗaga garma. Amma Kurege bai tsaya ga kiɗan ba. Yana ja yana juyi don madubai su haska jama'a, yana ƙara ƙarfin hannu don a ce ya fi ubansa. Ana tsakiyar take sai aka ji tas! Tsagiya ta tsinke, gashin ya bazu ya rataya.

Fili ya yi tsit, saura ƙwaryar Bushiya kaɗai.

"Mata, ku riƙe mini da tafi!" ta ɗaga murya. "Muddin ana tafi take bai mutu ba!" Mata suka ɗauka, raf, raf, raf. Ta juyo ga Kurege. "Sauke jaka, maza!"

Kurege ya zare hannu ɗaya, ya zare na biyu, ya saki jakar. Sai ta faɗi ta tafi da jelarsa, shi ma ya bi ta ya zauna daɓas.

"Wayyo jelata! Gwaggo, wani ya riƙe mini jela!"

Ba wanda ya riƙe. Ƙaron nan ne ya narke tun a hanya, ya tsattsafo ta haƙoran zif, ya bi gashin jelar ya manne shi da jakar gam. Bushiya ta zaro 'yar wuƙar da take ɗaurawa a ƙugu, ta farke cikin jakar. Abin da ta gani ya sa ta yi salati. Man kaɗe ya narke ya kwarare, hula da mataji da tsagiyar ajiya duk suna iyo a ciki. Ta ɗago tsagiyar tana ɗigar da mai.

"Wannan ta tashi aiki," ta ce. "Gashin da ya sha mai ko shekara za ka yi kana ja ba zai yi kuka ba."

Gumi ya karyo wa Kurege. Ya dubi Gwanki, garma tana sama, amma hannun ya fara rawa.

"Ɗan abokina," in ji Gwanki, "ni ba yaro ba ne, garmar nan kuma ba ta kara ba ce. Gyare, matso kusa."

Gyare ya tashi ya taho a hankali da kukumarsa.

"Gwaggo, ki yi wani abu!" in ji Kurege. "Ba doki a gidan nan? Ko... ko a roƙi Sarkin Noma gashin wutsiyarsa kaɗan?"

"Tashi ka roƙa. Ranar auren ɗansa, a gaban surukansa. Ina nan ina kallo."

Kurege ya kalli ƙahonin Gwanki, bai tashi ba.

Bushiya ta kama jelarsa ta ja gashin tsakiya, ta gwada shi da tsawon gogen. Gogen kurege dama ɗan ƙarami ne, gashin ya kai har ya yi saura. Ta murza shi a yatsa ta ji yana kamawa.

"Ka wanke shi da safe, ba ka shafa mai ba, ga shi ya sha ƙaro har ya ƙoshi. Ban taɓa ganin tsagiya mai kyan wannan ba."

Kurege ya zaro ido. "A'a! Gwaggo, a'a! Ki rufa mini asiri!"

"Ni ba zan yanke ba sai ka ce. Jelarka ce, wurin kuma na ubanka ne. Shekara talatin yana kaɗa taken nan bai taɓa barin garmar can ta sauka ba. In ka fi son jelar, sai mu kwashe ka kai da jakar mu tafi gida, a hanya a ci gaba da kallonka."

Tafin mata ya fara rauni. Garma ta sauko daga saman kai zuwa daidai ƙaho. Kurege ya dubi jelarsa, abar da ya fi so a duniya. Ya dubi gogen da ke cinyarsa, inda yatsun mahaifinsa suka cinye itacen har ya yi santsi. Hawaye suka zubo masa.

"Yanke, Gwaggo."

Ba ta jira ya sake tunani ba. Shaf, shaf, shaf, ta raba shi da jakar, ta zaɓi dogayen ta daidaita kansu, ta miƙa masa. Nan fa aka ga ɗan gado. Bai yi kuskure ba, ya ɗaura, ya ja, ya ɗaure, ya gwada sau ɗaya. Bushiya ta koma kan ƙwaryarta.

Da ya miƙe, wani yaro ya ce, "Laa, ku ga jelarsa!" Dariya ta ɓarke. Abin da ya rage masa wani siririn abu ne fes, da ɗan tukku a ƙarshe. Kunya ta rufe Kurege har ya kasa ɗaga ido, sai kawai ya runtse, ya ɗora daga inda take ya tsaya.

Tun da yake bai taɓa kiɗa ido a rufe ba, kullum yana duban wa ke dubansa. Yau da ba abin nunawa, sai ya saurari gogen. Ya sassauta hannu, ya bi ƙwaryar Gwaggo sau da ƙafa, ya bar take ya tafi yadda ya ji mahaifinsa yana tafiyar da shi tun yana ƙarami. Dariya ta mutu da kanta. Tsofaffin gidan suka fara gyaɗa kai. Garmar da ta kusa kai kafaɗa ta koma sama cak, ta tsaya a can har take ya kai ƙarshe.

Gwanki ya sauke garma, ya goge ido da hannun riga. "Yau na ji abokina," ya ce. "Wurin naka ne."

Guɗa ta tashi ta ko'ina. Gyare ya zo ya ba Kurege hannu, ya ce, "Ka iya. Amma don Allah in gashin ya sake fitowa ka tuna da ni, kukumata ma tana son tsagiya."

Aka kawo kyautar riga, Kurege ya yi wuf ya ɗaura ta a ƙugu ya rufe baya. Gyaɗa da dawa kuwa a ƙwaryar Bushiya aka zuba su, domin jaka mai madubai tana can a ƙasa ciki a farke, kiyashi sun yanyame ta. Suna fita sai ga Burgu, shi ma ashe ya zo cin biki. Ya ɗaga gefen rigar ya leƙa, ya dubi tasa jelar.

"Ikon Allah! Ashe mu 'yan'uwa ne ban sani ba! Ka zo ranar kasuwa, an kawo wata jaka mai ƙararrawa."

"Jar nan ta fata," in ji Kurege a hankali, "tana nan?"

"Tana nan, wa zai saya?"

"Ajiye mini ita."

A hanyar gida Kurege ya bi inuwa tare da Bushiya. Sai da suka tsallake fadama ya ce, "Gwaggo, zai sake fitowa kuwa?"

"Gashi ne, zai fito. Kafin nan ka huta da taje-taje."

Suka ƙara tafiya kaɗan. Ta sauke ƙwaryar daga kanta, ta ɗebo gyaɗa ta miƙa masa ba tare da ta dube shi ba.

"Ungo, ci. Tun safe ba ka sa komai a cikinka ba, ɗan marigayi."

Kurege ya karɓa, ya kasa ci, sai kuka. Ita kuwa ta yi gaba abinta tana cewa ya ɗaga ƙafa kada dare ya yi nisa suna hanya.

To yara, darasin wannan labari shi ne, in za ku zaɓi jaka, ko ta kayan kiɗa ko ta makaranta, ku fara tambayar kanku me za ku zuba a ciki, wace hanya za ku bi da ita, kuma wace rana za ta dake ta. Ku buɗe ku duba aljihunta kafin ku duba adonta. In kuma wanda ya riga ku daɗewa a sana'a ya ce ku naɗe ƙaro a jiƙaƙƙen tsumma, ku naɗe kawai, ko da bakinsa ba daɗi. Kurege ya ci sa'a yana da jelar da zai bayar ya tsira da wurin ubansa. Ku kuwa na duba, ban ga mai jela a cikinku ba.